Zauren Tambaya: Gona, Aure da Hanya a Ƙasar Batak

Tun da na ambaci zaman da na yi a arewacin tsibirin Sumatra na ƙasar Indunusiya a wannan fili, wasiƙu suke ta shigowa a kan mutanen Batak. Na zaɓi uku. Ta farkon ce za ta ci mana wuri, domin akwai dukiyar mutum da amincin shekaru a cikinta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne daga Kano, shekara shida ke nan ina sarin kaya a kasuwar Tanah Abang ta Jakarta. Ina da abokin hulɗa ɗan ƙabilar Batak, mutumin kirki, bai taɓa cin mini ko sisi ba. Bara ya kai ni ƙauyensu a bakin tafkin Toba, na ga ƙasa mai albarka, ruwa ko'ina, ga sanyi kamar Jos. Ya ce akwai gonar shinkafa da ta kofi a gidansu da ba mai nomawa, in kawo kuɗi a rubuta da sunansa tunda ni baƙo ne, ni kuma in riƙe takardar yarjejeniya. Kuɗin bai kai na fili ɗaya a bayan garin Kano ba. In saya?

AMSA: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka saya. Na fara da wannan ne don ko ka gaji da karatu a tsakiya, ka riga ka ji abin da ya fi muhimmanci. Kuma ban ce abokinka macuci ne ba, mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya yi maka tayin. Amma abin da yake son sayar maka ba shi kaɗai ke da shi ba, kai kuma doka ba ta yarda ya zama naka ba.

Dokar filaye ta Indunusiya, mai lamba 5 ta shekarar 1960, ta keɓe cikakkiyar mallaka, wadda suke kira Hak Milik, ga 'yan ƙasa kaɗai. Sashe na 26 ya ce duk cinikin da aka ƙulla don mallaka wa baƙo fili, a sarari ko ta bayan gida, ɓatacce ne: filin ya koma hannun gwamnati, kuɗin da aka biya kuma ba a neman su. Takardar da za ka riƙe ɗin nan ita ce ainihin hanyar bayan gidan da dokar ke nufi. Ranar da ka fito da ita a kotu, shaida ka kawo a kan kanka. Turawa da yawa sun yi irin wannan a tsibirin Bali sun tashi a tutar babu. Akwai izinin amfani da ake ba baƙo, Hak Pakai, na shekara 30 da ƙarin 20 da sabuntawar 30, amma na gidan zama ne, kuma an sa masa mafi ƙarancin farashi. Bai shafi gonar ƙauye ba.

To, a ce ma dokar ta yarda. Bari in ba ka abin da na gani.

Ranar da na fara shiga ƙauyen abokin karatuna, kudu da tafkin, kusa da Balige, kakarsa tana zaune a kan matattakalar gida, bakinta ja wur da ganyen da suke taunawa da ƙwallon pinang da farar ƙasa, kamar yadda tsofaffinmu ke cin goro da fure. Ba ta tambayi sunana ba, ba ta tambayi sana'ata ba. Cewa ta yi, “Aha margam?” Wato mene ne margarka. Marga shi ne sunan zuriya da mutum ke gada daga ubansa: Simanjuntak, Situmorang, Siregar, Panjaitan, da sauransu ɗaruruwa. Da na ce mu ba mu da shi, sai ta koma tambayar garin mahaifina, da sunan kakana, da gidan da mahaifiyata ta fito. Sai da ta gamsu sannan ta ce in riƙa kiranta ompung, wato kaka. Daga nan kowa a gidan ya san yadda zai kira ni da inda zan zauna a kan tabarma. Batak biyu in suka haɗu, ko a tashar mota ne, haka suke yi. Suna kiran abin martarombo, bin salsala har sai an gano wanda ke kawun wani da wanda ke surukin wani.

Ƙasar ma a kan wannan salsalar take. Ƙauye, huta a bakinsu, na zuriyar wanda ya sare shi ne. Gonakin da ke kewaye na jikokinsa ne, kuma da yawansu ba a taɓa raba su a takarda ba tun zamanin kakanni. In ka duba tsakiyar gonakin shinkafa za ka ga gine-ginen siminti dogaye, an shafa musu fenti, wasu har da tayil, wasu sun fi gidajen masu rai kyau. Kaburburan kakanni ne. Suna da wani biki, mangongkal holi, da ake tono ƙasusuwan magabata a wanke a mayar cikin irin wannan gini, a yanka ɓauna, dangi su zo daga Medan da Jakarta da Batam kowa da gudummawarsa. Mutumin da ya haɗa kuɗi ya gina wa kakansa wannan, kana ganin zai ji an sayar da gonar da ginin ke kallo ya yi shiru?

Shi ya sa maganar “ba mai nomawa” ta tsaya mini a rai. Gonar Batak da ba a nomawa tana da masu ita, sun tafi ci-rani ne. Mutane ne masu tura 'ya'ya boko da neman arziki nesa, har gona sukan jinginar don kuɗin makaranta. Za ka same su lauyoyi, sojoji, malamai, direbobin bas a manyan birane. Ƙauye sai tsofaffi da mata da yara. Amma ƙarshen Disamba in ka je, motoci masu lambar Jakarta sun cika hanya, kowa ya dawo bona pasogit, tushen gida. A ranar ne za ka san adadin waɗanda ke da baki a gonar da aka ce ba ta kowa ba ce.

Ka lissafa su. 'Ya'ya maza su ne magada a al'ada, gidan zama kuma yakan faɗa wa auta. 'Ya mace ana iya ba ta gona kyauta lokacin aure, suna kiranta pauseang, kuma ko ita ba a son ta fita daga dangi ba da sanin masu bayarwa ba. Sannan tun 1961 Kotun Ƙolin ƙasar, a wata shari'ar gado daga yankin Karo, ɗaya daga rukunan Batak, ta yanke cewa 'ya mace tana da haƙƙi daidai da namiji, don haka jikokin mata ma suna iya tashi. Ga kuma jingina, dondon.

Jinginar nan na ga zamanta da idona, wata Lahadi bayan an sauko daga coci. Kakan wani ya jinginar da gona rante 4 tun kusan shekara 40 da suka wuce don ya biya wa ɗansa makaranta. Rante shi ne ma'aunin gona a can, mita 20 tsawo 20 faɗi, 25 ne ke yin hekta. Ba da kuɗi aka yi jinginar ba, da gwangwanayen shanshera aka yi. Jikan ya dawo daga birni zai fanshi gonar. Aka shimfiɗa tabarmi a filin da ke tsakanin gidaje da rumbuna. Babu wanda ya musa cewa yana da ikon fansa, har waɗanda suka gaji noman gonar tun suna yara. Gardamar duk a kan gwangwani nawa ne, kuma nawa gwangwani yake a kuɗin yau. Dokar gwamnati ta ce gonar da ta shekara 7 a jingina a mayar wa mai ita ba fansa, amma ban ji wanda ya ambace ta ba, da al'ada aka yi aiki.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tsarin magana. Suna da abin da suke kira dalihan na tolu, murhu mai duwatsu uku, irin dai na iyayenmu mata. Dutse ɗaya dongan tubu ne, 'yan marga ɗaya. Na biyu hula-hula, gidan da suka ba ku mata, waɗanda ake girmamawa matuƙa. Na uku boru, waɗanda suka auri 'ya'yanku, su ne masu ɗawainiyar taro. Kowane mutum yau yana wannan dutse, gobe a wani taron yana wancan. Ranar nan 'yan gida suka yi magana, boru suka yi, aka yi ta ja har rana ta yi sanyi. Sai wani tsoho daga ɓangaren hula-hula, wanda bai ce uffan ba tun safe, ya faɗi adadi. Shi ke nan, aka kawo abinci. Alhaji, a wannan zaman ina za ka zauna? Baƙo ba shi da dutse a murhun. In abokinka ya rasu, Allah Ya yi masa tsawon rai, gonar gadon 'ya'yansa ce da sunan da ke takarda, kai kuma ba ka da mai faɗin adadi a madadinka.

Gonar kofin tana da nata haɗarin daban. Tudu da dazuzzukan yankin da yawa gwamnati ta sa su cikin gandun dajinta, ta kuma ba kamfanin sarrafa itace da ke Porsea izinin shuka bishiyar turare (eucalyptus) a wasu, alhali mutanen ƙauyuka suna cewa na kakanninsu ne. An shekara da shekaru ana rikici, musamman a Humbang Hasundutan inda ake tsagar itacen haminjon, ƙaron da Larabawa ke kira lubban jawi, mai shiga turaren wuta. A 2013 Kotun Tsarin Mulki ta ce dajin gargajiya ba na gwamnati ba ne, amma har yau ƙauye-ƙauye ake bi ana tantancewa. 'Yan ƙasa ma ba su gama da juna ba.

In wurin ya shiga ranka, ga abin da nake ganin zai yi maka. Ka zama mai sayen amfani. Kofin Lintong da na Sidikalang suna da suna a duniya, kuma akwai irin da manoma ke kira sigarar utang, wato mai biyan bashi, saboda saurin 'ya'yansa. Manomi a can kukansa ɗaya ne da na manominmu: dillali ya ba shi bashi tun kafin kaka, ya karɓe amfanin a wulaƙance. Mai saye da farashin gaskiya, ta hanyar abokinka da takardun kasuwanci na halal, za a riƙe shi hannu bibbiyu. In kuwa lallai sai noma, suna da noma-mu-raba, suna da haya ta 'yan shekaru. A rubuta a gaban lauyan da gwamnati ta ba izinin shaida takardu, duk magada su sa hannu, dagacin ƙauye ya shaida, kuma kada ka zuba abin da in ya tafi zai taɓa maka jari. Abokin naka kuwa ka gaya masa gaskiya cikin mutunci. Amincin shekara shida ya fi wannan gonar tsada.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ɗana yana karatu a Indunusiya, ya aiko cewa ya sami yarinya zai aura, sunan gidansu Nasution, daga wani wuri wai shi Mandailing. An ce mini Batak Kiristoci ne kuma suna cin kare. Ya kuma ce za su ba shi sunan dangi irin nasu. Ni uwa ce, barci ya gagare ni. Kada in rasa ɗa da addininsa gaba ɗaya. Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, Allah Ya sa albarka. Wanda ya ba ki labari rabi ya sani. Batak rukuni shida ne: Toba, Karo, Simalungun, Pakpak, Angkola da Mandailing. Na arewa, musamman Toba, yawancinsu Kiristoci ne tun zuwan wani ɗan mishan Bajamushe, Nommensen, a shekarun 1860, kuma gaskiya ne a cikinsu akwai masu cin alade da kare. Mandailing kuwa, da ke can kudu kan iyaka da yankin ƙabilar Minangkabau, Musulmi ne kusan gaba ɗaya tun ƙarni na 19. Da yawansu ma ba sa son a kira su Batak, ki kiyaye wannan ranar da za ku gaisa. Nasution da Lubis manyan gidajensu ne. Janar Abdul Haris Nasution, wanda ya shugabanci sojojin ƙasar, ɗan can ne.

Na bi ta yankin sau ɗaya a motar dare. Da gari ya waye muna Purba Baru, kusa da Panyabungan, sai ga 'yan bukkokin katako jere a bakin hanya, ɗaruruwa, kowace da ƙyar za ta ɗauki mutum biyu, ga samari da fararen rawuna da littattafai a hammata suna fitowa. Almajiran makarantar Musthafawiyah ne, wadda Shehu Musthafa Husein Nasution ya kafa a 1912. Wallahi sai na ji kamar a tsangaya nake. Shafi'awa ne, don haka za ki ga bambanci kaɗan a salla da alwala, kada ki ɗauka kuskure surukarki take yi.

Batun suna kuwa, dalilinsa shi ne murhun nan mai duwatsu uku da na faɗa a sama, wanda su suke kira mora, kahanggi da anak boru. Ba a iya zaman biki sai ango yana da dangin da za su tsaya masa. Sai a jingina shi da wani gida, galibi gidan mijin gwaggon yarinya, su zame masa iyayen biki. Shawarata ita ce ya karɓa a matsayin mazauni da girmamawa, amma a takardar aure da ko'ina ya ci gaba da amsa sunan mahaifinsa, domin addini ya hana mutum danganta kansa ga wanda ba ubansa ba. Ya faɗa musu haka tun farko. Malamai ne, za su gane.

Kuma al'adarsu tana gefenki: mace ce ke bin miji, 'ya'ya kuma na dangin uba ne. Abin da za ku shirya masa shi ne kuɗin aure, tuor, wanda ake zaman ciniki a kansa kuma yakan hau in yarinya ta yi karatu mai zurfi. A ɗaura auren a ofishin harkokin addini na gwamnati don ya sami takarda. Su kuma rubuta yarjejeniyar raba dukiya, domin in babu ita, dokar ƙasar tana ɗaukar abin da ma'aurata suka samu na tarayya ne, sai auren baƙo ya hana yarinyar mallakar fili a ƙasarta. Tun 2016 an yarda a rubuta ta ko bayan aure. Jikokinki za su iya riƙe ƙasa biyu har shekara 18, sannan su zaɓi ɗaya kafin 21. In da hali, a tura kawunsa ko baffansa ya je neman auren da ƙafarsa. A wurinsu wannan ya fi kowace kyauta nauyi.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Malesiya, ina son in je hutu ƙauyukan tafkin Toba. Ta ina zan bi, kuma yaya zan yi da abinci da salla?

AMSA: Ɗana, fara da biza. Fasfon Najeriya na cikin 'yan ƙalilan da Indunusiya ta daɗe tana yi wa tantancewa ta musamman: sai wani a can ya tsaya maka, a duba takardunka a Jakarta, kuma ba a samunta a filin jirgi. Ka je ofishin jakadancinsu da wuri.

Daga Kuala Lumpur zuwa filin jirgin Kualanamu na Medan kusan awa ɗaya ne. Daga nan motar haya zuwa Parapat, wajen awa 4, sai jirgin ruwa zuwa Tuktuk ko Tomok a tsibirin Samosir, ƙasa da awa ɗaya. Tafkin tsawonsa kilomita 100, faɗinsa 30, zurfinsa ya haura mita 500, ramin wani dutse mai aman wuta ne da ya fashe kimanin shekara 74,000 da suka wuce. Kada ka raina shi. Ranar 18 ga Yunin 2018, kwana uku bayan ƙaramar salla, jirgin Sinar Bangun ya nutse tsakanin Simanindo da Tigaras da lodin da ya fi ƙarfinsa, mutum fiye da 150 suka tafi. In ka ga an cika jirgi da babura da mutane, ko iska ta taso da yamma, ka jira na gaba. Wurin yana da tsayin mita 900 daga teku, ka tafi da rigar sanyi, kuma ruwan sama ya fi yawa daga Oktoba zuwa Disamba.

Abinci: duk shagon da ka ga an rubuta B1, kare ne. B2 da BPK alade ne. Lapo kuma wurin shan tuak ne, bamminsu. Ka nemi inda aka rubuta Muslim, ko Padang, ko Minang. In an gayyace ka biki, ka ce kai parsubang ne, kalmarsu ta wanda ba ya cin alade. Sun saba, sukan tanadi abinci daban daga hannun Musulmi. A gidan da na zauna, ompung da kanta ta sa aka sayo sabuwar tukunya daga kasuwa saboda ni. A cikinta na fara cin arsik, kifi da aka dafa da gangamau da wani ɗan yaji, andaliman, mai sa harshe ya yi zir kamar ka taɓa batir. Ka ɗanɗana dali ni horbo, awarar nonon ɓauna. Akwai masallatai a Parapat da Balige da Pangururan, amma a ƙauye ka riƙe dardumarka, ka nemi wuri mai tsabta saboda karnuka da aladu suna yawo.

Kowa zai kai ka kujerun dutse na Huta Siallagan da kabarin Sarki Sidabutar a Tomok, ka je ka gani. Ni dai kasuwa nake so ka ci: Balige ranar Juma'a, Pangururan ranar Laraba. In ka dace da shuka ko girbi, ka nemi a tafi da kai marsiadapari, gayyarsu, yau a gonar wannan gobe a ta wancan, yawanci mata ne a cikin taɓo har gwiwa. Gaisuwa Horas ce, godiya mauliate. Muryarsu tana da ƙarfi, kada ka zaci faɗa ake yi. In za ka shiga gida ka riƙe sukari da burodi, ko dabino in kana da shi, ka miƙa wa tsohuwar gidan da hannun dama, kuma ka shirya sunan kakanka da garinsa domin za ta tambaya.